Ƙafar Yayana ta Hagu

Yayana ya koma ga Mai shi ranar wata Talata da hantsi, bayan an gama yankan gero. Daga Allah muke, can kuma za mu. Bai yi doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya sha kunu, ya ce a gyara masa matashi, shi ke nan.

Kafin azahar an kai shi makwanci, ƙofar gida ta cika. Na shimfiɗa tabarmata jikin bangon zaure ta ciki, don haka duk abin da maza ke faɗa a waje yana shiga kunnena. Mutanen Dogon Dutsi sun zo, na ƙauyuka sun zo. Wani ya taho daga Dogon Kiriya bisa amalanke, sai washegari ya iso. Limamin unguwa ya ce mutum ne marar hayaniya. Masu shago suka ce ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Amma da tsofaffin abokan gudunsa suka zauna, sai zancen ya koma guda ɗaya.

Akwai wani dattijo daga Tibiri, wanda suka yi shekaru suna karawa da yayana a gasar gudu mai nisa tun suna samari. Shi ya fi kowa magana.

"Ni na gan shi a Doso da idona," in ji shi. "Agara ta tsinke mishi a tsakiyar hanya, na ji ƙararta ina bayanshi. Ko waiwaye bai yi ba. Haka ya ƙare gudun, ya wuce ni kuma. Kun taɓa ganin shi yana ɗingishi?"

Aka ce ba a taɓa ba.

"To, maza ke nan."

Duk wanda ya shigo yi wa mata gaisuwa kuwa sai ya nemi jikarsa, ɗiyar ɗansa na fari, wadda ita ma gudu take yi. Aka riƙa dafa mata kai ana cewa jini ba ya ɓuya. Mushe, wato malamin da ke koya musu gudu a lakwal, makarantar boko, ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce mata gasar Yamai ta kusa, ta yi ta domin kakanta. Ta ce to. Tana zaune ta naɗe ƙafar dama ƙarƙashin zane, ta dafe ta da hannu. Babu wanda ya duba wannan hannun sai ni.

Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban yi lakwal ba. Maƙwabciyarmu mai koyarwa a makarantar mishan ita ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kar ta gyara mini magana. Tun da mijina ya rasu nake zaune a gidan yayana. Abin da aka faɗa a kansa a ƙofar gida gaskiya ne. Sai dai rabi ne, kuma rabin nan ya kusa cin ƙafar yarinya. Shi ya sa zan faɗi sauran.

Ubanmu ɗan kokowa ne. Abin da ya koya wa 'ya'yansa maza shi ne, in ka bari abokin karawa ya san inda ke maka ciwo, nan zai kama. Ga kuma tsoron baki: kar a ce wane ƙafarsa ta lalace, maganar ta bi ƙafar. Yayana bai yi kokowa ba, jikinsa siriri ne kamar karan dawa. Amma ya ɗauki wannan tarbiyya ya kai ta wurin gudu, inda babu mai kama kowa.

Tun yana yaro in an aike shi ba ya tafiya, gudu yake. A lakwal aka lura da shi. Daga nan aka fara kai shi gasa, Doso, Yamai, har wasu garuruwan da ban san sunansu ba. Ba takalmi ya fara. Da aka ba shi takalmin gudu, sai ya riƙa rataya shi a wuya har ya fita gari, wai kar ya ci ƙasa a banza. Bayan sallar asuba yake fita, ya zagaya gindin dutse, ya kama jar hanya ta gabas, ya dawo rana ta fara zafi. Ba ya cin tuwo da yawa. Fura yake so, mai ruwa-ruwa, ba sukari. Ba ya zama kusa da mai shan taba. In yara suna tsere a lungu sai ya tsaya ya kalli ƙafafunsu, ya ce wa wani, "Kai, da diddige kake dukan ƙasa, mi ta yi maka?"

Wancan gudun na Doso da ake yabo, ni na tarbe shi da ya dawo. Daga tasha har gida ya tako a miƙe, yana amsa barka, yara na bin sa. Ya shiga zaure, ya wuce zana, sai ya zube. Ƙafar hagu daga idon sawu zuwa sha-raɓa ta kumbura ta yi baƙi. Uwarmu ta ɗora hannu a ka. Ya ce, "Ba kome, tsami ne ta yi."

Wannan ita ce maganarsa har ya tsufa. Tsami ne ta yi.

Lokotoro, mai duba marasa lafiya a likita, wato asibiti, ya ce ya ajiye gudu har damina ta wuce. Ya ce to. Da kumburin ya sabe, ya ji ana tsara sunayen masu zuwa wata gasa, sai ya ɗaure ƙafar da tsumma ya fita. In ya ce yana ciwo za a sa wani a gurbinsa, kuma wanda aka cire sau ɗaya ba a cika tunawa da shi ba. Haka ciwon ya zama baƙon shekara. Ya warke, ya yi gudu, ya ci ko ya zo na biyu, agara ta motsa, ya kwanta a ɓoye, ya tashi. Da agara ta gaji sai gwiwa ta karɓa, don ita yake jingina wa nauyin. Daga baya kwankwaso.

Magani kam babu wanda bai nema ba. Wanzami ya yi masa ƙaho. Mai ɗori ya murza. Wata 'yar bori a unguwarmu ta ce doguwa ce ta zauna masa a ƙafa, aka yi abin da ta ce. Ya sha allura a likita. Yana da wani aboki Bafillace mai kiwo a arewacin gari, wanda ya iya lalas, wato ƙona wurin ciwo da jan ƙarfe kamar yadda suke yi wa shanu. Can yake zuwa in abin ya yi tsanani, don rugar nesa take da idon mutane. Sau ɗaya na bi shi da ƙwaryar fura. Na tarar an sa ƙarfe a wuta, shi kuma ya ciji bakin rigarsa.

Bafillacen ya dube shi ya ce, "Kaɗo, saniyata in na yi mata wannan, ɗaure ta nake a gindin itace har ta warke. Kai wa zai ɗaure ka?"

Yayana ya saki rigar ya ce, "Saniyarka ba ta da gasa ran Lahadi."

Suka yi dariya, aka ɗora ƙarfen. Na juya baya. Ƙaurin ya bi ni har gida.

Duk wani magani ya yarda da shi, in dai mai zafi ne kuma ana gamawa a yini ɗaya. Hutu ne kaɗai bai taɓa sha ba.

Mun yi faɗa a kan haka ba sau ɗaya ba. Mafi girma shi ne shekarar da na zo wankan jego gida. Na ga yana shirin fita, ƙafa na tsatsafar da ruwa daga wurin lalas. Na ɗauke takalman na jefa cikin rumbu, na zauna a bakin rumbun da jaririya a hannu.

"Ina takalmana?"

"Suna inda hatsi yake. In ka isa ka ɗaga mai jego."

"Ke, ni ne wanki fa."

"Na sani. Gurgun wa ma wa ne, amma ni ba shi nake so ba."

Ya tsaya yana dubana. Sai ya juya ya fita ba takalmi. Bai sake yi mini magana ba har na koma ɗakina. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta ce mini in bar shi, ita ta gaji. Takalman sai da aka zo ɗiban hatsi aka fito da su, ɓera ya ci harshen ɗaya.

Ba zan rage masa abin da yake nasa ba. Lokacin da mijina ya rasu muna wani ƙauye bayan Geceme, tsakiyar damina ce, ruwa ya yanke hanya, mota ba ta shiga, amalanke ma ta kafe. Saƙo ya same shi da safe. A lokacin ya riga ya bar gasa, furfura ta fara fito masa. Ana shirin ɗaukar gawa sai ga shi, laka har cinya. Da ƙafa ya zo, da gudu. Ya tsaya a sahu aka yi salla, ya bi har kushewa, ya sa hannu aka rufe. Da ya shigo wurina bai ce komi ba sai, "In kin gama takaba, ɗakinki na nan." Ya kwana uku a ƙauyen. Mutane suka ce kara ce yake mini. Kara ce, amma kuma ƙafar ba ta takuwa.

Da na dawo gidansa, ni ke sharar tsakar gida kowace safiya. A nan na koyi karanta shi. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayan gida, sawun dama cikakke ne, na hagu kuwa yatsu ne kawai da ɗan jan ƙasa. Daga zaure zuwa waje, sawu biyu daidai. In ya ji sallama sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya fita kamar soja. Wando har ƙasa yake sawa, da safa, ko ana zafin bazara. Ranar Juma'a yakan yi salla a tsaye cikin jama'a, ya yi ruku'u da sujada yadda kowa ke yi, ya dawo ya kwanta har Asabar. Sauran salloli a ɗaki yake yi, a zaune, ƙofa a saye. Ɗansa na fari, uban yarinyar, yana da kunyar ɗan fari tsakaninsa da shi: ba ya shiga ɗakinsa, ba sa haɗa ido. A gida ɗaya suka tsufa bai taɓa ganin ƙafar ubansa tsirara ba.

Jikar ce ta shiga inda kowa bai shiga ba. Tun tana ƙarama yake kiranta amarya, ita kuma ta ce masa tsohon ango.

"Amarya, yau ma tuwon ya ƙone?"

"Wanda bai ba da cefane ba shi ke tambayar tuwo. Zan sake miji, ka tsufa."

"Wa zai kwashe ki da waɗannan ƙafafu kamar na zalɓe?"

Ƙafafun ne kuwa suka ja hankalinsa. Ya ga yadda take tsere da yara maza zuwa famfo, ya fara fita da ita. Uwarta ta ce ɗiya mace da gajeren wando a hanya, mutane za su yi magana. Ya ce a ɗinka mata dogo. Yana bisa keke tana gudu a gefe, yana ce mata ta saki kafaɗa, ta bar kallon ƙasa. Ta ci na lakwal, ta ci na Doso. Duk abin da ya sani ya ba ta. Abin da bai yi niyyar ba ta ba, shi ma ta ɗauka.

Bara ne ƙafarta ta dama ta fara ciwo, can ƙasan sha-raɓa. Ta huta kwana kaɗan ta koma. Ya dawo. Ta sa ƙanƙara, ta ɗaure, ta koma. Bana da damina ya sake dawowa, wannan karon ba ta gaya wa kowa ba. Gasar Yamai ita ce ta ƙarshe gare ta a sahun 'yan shekarunta, kuma waɗanda suka yi gaba ana ɗaukar su wata ƙungiya da ke ba su wurin zama da ci gaba da karatu. Ubanta ya sa rai. Ita ta fi shi.

Wata safiya na kira yayana na nuna masa ƙasa.

"Wannan sawun wa ne?"

Ya duba. "Nawa ne."

"Naka na hagu ne. Wannan na dama ne, kuma ƙarami."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja kujera ya zauna, abin da ba ya yi a tsakar gida da safe.

Da yamma na ji ya gwada. Ta dawo daga lakwal, ya ce, "Amarya, wannan gasar ki bar musu. Ki huta bana."

Ta yi dariya. "Tsohon ango, kai ka taɓa hutawa? Ba kai ne na Doso ba?"

"Wancan daban."

"Mi ya bambanta?"

Amsar tana cikin safarsa, hannunsa ma ya kai gwiwa. Bai cire ba. Ya ce ta kawo masa ruwa. Bayan ta tafi ya ce mini, "Ke ki gaya mata." Na ce ba ni na koya mata ba, bakin da ya koya shi zai warware. Ya ce zai yi, bari a gama yankan gero. Aka gama yankan gero, zazzaɓi ya zo.

Ɗansa na fari yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, shi da liman da wani ƙanen ubanmu. Na ga fitowarsa daga ɗakin. Bai yi kuka ba. Ya je ya tsaya gaban rumbu ya ba mutane baya, har aka kira shi ɗaukar makara. A wurinmu wanda ya wanke mamaci ba ya faɗin abin da ya gani a jikinsa, ko ga matarsa, har ya mutu. Amana ce.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka ragu, ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna.

"Gwaggo, tun yaushe?"

"Tun ba a haife ka ba."

"Kuma yana zuwa masallaci a haka."

"Yana zuwa."

Ya ɗan murza ƙasa da yatsa. "Yarinyar nan, na ga tana dafe ƙafa in ta zauna. Da ban kula ba. Yanzu ina gani." Ya ɗago. "Ni ba ni da ikon faɗin abin da na gani, Gwaggo."

Na ce, "Ni ban yi masa wanka ba. Da ransa na gani, kuma shi ya ce in faɗa. Kira ta."

Ta zo tana taku daidai, kamar wadda ba abin da ke damunta. Na ce ta zauna. Ban yi mata nasiha ba, ban iya ba. Na gaya mata yadda ƙafar take. Sha-raɓar ta shanye ta koma kamar muciya. Diddigen ya daina taɓa ƙasa tun uwarta tana budurwa. Tabon lalas ya hau kan tabo har babu sauran fata mai kyau, akwai kuma wuri ɗaya da bai taɓa rufewa ba, ni ke wanke tsumman. Gwiwa ta karkace waje. Na gaya mata sallar zaune da kwanciyar Asabar. Na ce gasar da ya yi bayan Doso ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ya bar gudu yana da sauran ƙarfi, abokansa na Tibiri suna ta yi shekaru bayansa.

Ta ce, "Kaka, kin dai tsani gudun nan tun asali."

"Ban tsane shi ba. Ban kuma so shi ba."

"Kowa ya ce bai taɓa ɗingishi ba."

"A waje."

Sai ta juya ga ubanta. "Baba, kai ka gan shi. Gaskiya ne?"

Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya dube ta, abin da ba ya yawan yi, har ta sunkuyar da kai. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya fita. Da ƙarya na yi, da ya tsawata mini ko da ni gwaggonsa ce, ita ma ta san haka.

Can ta ce, "In ban je bana ba, shi ke nan fa. Ba za su jira ni ba."

Na ce, "Wataƙila."

"Abin da za ki ce ke nan?"

"Shi na sani."

Kwana biyu ba ta fita gudu ba, ba ta kuma ce ta fasa ba. A rana ta uku ta je wurin mushe da kanta. Ban san abin da suka faɗa ba. Na ji dai ya raka ta likita, lokotoro ya duba ya ce agarar ta fara tsagewa, a naɗe, ba gudu har sanyi ya wuce, daga nan a sake dubawa. Gurbinta aka ba wata yarinya daga Geceme. Yarinyar ta je Yamai, ta yi abin kirki, an ɗauke ta. Jikar yayana ta ga hoton a waya, ta shiga ɗaki.

A gari an yi magana. Wasu sun ce ta ji tsoro. Wasu sun ce da tsohon na da rai da ba ta yi haka ba. Ni ba ta cika yi mini magana ba har yanzu, gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice. Ban nemi fiye da haka ba. Ko za a sake kiranta wata gasa, ko ƙafar za ta koma yadda take, ban sani ba, lokotoro ma bai yi alkawari ba.

Ranar sadakar arba'in maza suka sake taruwa a ƙofar gida. Aka rasa mai fitar da masa, sai jikar ta ɗauki tiren. Ta ratsa zaure, ta fita gaban mutane, ƙafa a naɗe da farin ƙyalle, tana jan ta a fili. Hira ta tsaya. Ta ajiye tiren gaban dattawa, ta durƙusa da gwiwa ɗaya don ɗayar ba ta lanƙwasuwa.

Wani daga cikinsu ya ce, "Ɗiyata, mi ya samu ƙafar?"

Ta ce, "Ciwo take, Baba. Ta daɗe tana yi."

Tun ina yarinya a gidan ubanmu har na tsufa a wannan, ban taɓa jin wani namu ya faɗi haka a ƙofar gida ba.

Allah ya ji ƙan yayana, ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya yalwata. Ya yi gudu, ya yi zumunci, ya sha wuyar da bai kamata ya sha shi kaɗai ba. Allah ya ba shi hutun da ya ƙi ɗauka a nan. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen.